Zumunci a Ƙafa Yake: Yadda Mai Bi Ke Riƙe da Allah a Bakin Aiki



Gabatarwa

Mako guda awa 168 ne. Daga cikinsu, Kiristan da ba ya fashin sujada yakan yi awa biyu ko uku a majami'a ran Lahadi, in ya ƙara da taron addu'a na tsakiyar mako, a ce awa biyar. Ofis kuwa yakan ci masa awa 40, ɗalibi ma tsakanin aji da laburare ba ya kasa haka. Barci ya ɗebi nasa rabon, hanya ta ɗebi nata, saura kuma iyali da kasuwa da zirga-zirgar duniya su raba. In an yi wannan lissafi tsakani da Allah, sai wata tambaya mai nauyi ta taso: a cikin awa 160 da ɗoriya da suka rage, ina mutum yake, ina kuma Allahnsa yake?

Amsar da mutum ya ba wannan tambaya ita ke nuna irin ma'aikacin da zai zama. Gama akan sami mutum biyu cikin riga ɗaya. Ran Lahadi shi ne a gaba cikin ƙungiyar mawaƙa, ran Litinin kuma fayil ba ya barin teburinsa sai an ba shi na goro. Ɗalibin da ya bi da addu'a daren jiya, shi ne yau ya shiga ɗakin jarrabawa da takarda a cikin safa. Irin wannan mutum sau da yawa bai yi niyyar munafunci ba. Ya dai saba ajiye Allah a ƙofar majami'a, kamar yadda ake ajiye laima in ruwa ya ɗauke.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, watau ɗan'uwan da ba a zuwa wurinsa, yau da gobe sai ya koma baƙo. Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, Ikkilisiya ta daɗe da gane haka game da zumunci da Allah, ta kuma bar wa mabiyanta ƙafa biyu na tafiya: tsayayyun lokatan addu'a, da tunawa da Allah a tsakiyar aiki. Sa'an nan akwai ma'aunin da ake gane ko tafiyar ta gaskiya ce, shi ne halin mutum a bakin aikinsa.

Tushen maganar

A sura ta 15 ta Bisharar Yohanna, a daren da za a kama shi, Yesu ya kwatanta kansa da kuringar inabi, almajiransa kuma da rassa. Kalmar da ya yi ta maimaitawa a wurin ita ce zama. Reshe ba ya ziyartar itace sau ɗaya a mako ya koma. Yana manne da shi dare da rana, in kuwa ya rabu da shi ya bushe. Abin lura kuma shi ne, wanda ya yi wannan magana ya fara hidimarsa ga jama'a yana da shekara wajen 30, kamar yadda Luka ya faɗa, mutanen Nazarat kuwa da sassaƙa suka san shi. Yawancin shekarunsa na duniya a cikin aikin hannu ya yi su.

Haka kuma manzo Bulus. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, wadda ya rubuta daga Korinti wajen shekara ta 50 ko 51, ya umarci masu bi su riƙa addu'a ba yankewa. A cikin wasiƙar nan ɗin dai ya tuna musu cewa dare da rana ya yi aiki a garinsu don kada ya nauyaya wa kowa, ya kuma gargaɗe su su yi aiki da hannuwansu. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna a Korinti ɗinkin tanti yake yi tare da Akila da matarsa. Ashe mai cewa a yi addu'a kullum, allura da fata ke hannunsa. To, ta yaya za a haɗa biyun?

Gardamar masu addu'a da masu tufka

Wannan tambaya ta haddasa gardama tun a ƙarni na 4. A ƙasar Suriya da kewayenta wata ƙungiya ta taso wadda ake kira Masaliyawa, ma'anar sunan kuwa masu addu'a. Su a ganinsu, tun da an ce a yi addu'a ba yankewa, to, aikin hannu cikas ne, sai a bar shi, a rayu da sadakar mutane. Babban taron Ikkilisiya da aka yi a Afisa a 431 ya ƙi wannan koyarwa.

A cikin labaran dattawan da suka keɓe kansu domin ibada a hamadar Masar, akwai na wani da ake kira Lusiyas, wanda waɗansu daga cikin masu wannan ra'ayi suka ziyarta. Ya tambaye su ko suna cin abinci, ko suna barci, suka ce i. Ya ce to, a lokacin wa ke yi musu addu'ar? Suka rasa ta cewa. Sai ya bayyana musu tasa dabarar. Yakan jiƙa kaba, ya zauna yana tufkar igiya, bakinsa na maimaita roƙon jinƙai daga Zabura. In ya sayar da igiyar, sai ya ware wani abu daga kuɗin ya ajiye a bakin ƙofa domin mabukaci, wanda ya ɗauka kuwa shi ke yi masa addu'a sa'ad da yake ci ko barci. Ta haka aiki da addu'a da sadaka suka zama tufka ɗaya.

Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya ƙara haske a kan wannan. Wajen shekara ta 412 ya rubuta wa wata gwauruwa mai dukiya daga Roma, mai suna Proba, doguwar wasiƙa a kan addu'a. Ya ce addu'ar da ba ta yankewa ita ce marmarin zuciya zuwa ga Allah, wanda ke iya ci gaba ko baki yana shiru. Amma da yake marmari yakan huce saboda hidimomin duniya, sai a tsai da lokatai na komawa ga kalmomi domin a sake hura shi. Ya kuma ba ta labarin 'yan'uwa na Masar, waɗanda ke yin addu'o'i gajeru ainun amma a kai a kai, kamar mai harba kibiya. A nan ne ƙafafun nan biyu suka fito sarai.

Ƙafa ta fari: tsayayyun lokatai

Tsai da lokacin addu'a gado ne da Kirista suka samu daga Yahudawa. Wani ɗan littafi na koyarwa da ake kira Didake, wanda masana ke sa shi a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Wanda ya fi kowa tsara wannan al'ada a Turai shi ne Benedik, mutumin Nursiya ta ƙasar Italiya, wanda ya kafa gidan masu ibada a kan dutsen Monte Cassino wajen 529. Ƙa'idar da ya rubuta musu tana da babi 73. Ta raba yini tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu, ta sa a taru domin sujada sau bakwai da rana, sau ɗaya da dare, a kuma sauke Zabura duka 150 a kowane mako. In an buga ƙararrawa, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya tafi. Mai sauraron da ya tashi a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin kullum yana ganin maƙwabcinsa Musulmi ya rufe shago ko ya ajiye alƙalami in lokacin salla ya yi.

Sai dai akwai wani babi a ƙa'idar Benedik da ya fi shafar ma'aikaci. A babi na 31, ya ce wanda aka danƙa wa ma'ajin gidan ya ɗauki kayan aiki da dukan dukiyar gidan da daraja irin ta tsarkakan kwanonin bagade. Fartanya da tukunya, a wurinsa, amana ce daidai da ƙoƙon Jibin Ubangiji. Ma'aikacin da ke riƙe da mabuɗin sito, ko motar ofis, ko littafin kuɗi, yana da abin tunani a wannan babi.

Mai iyali da albashi ba zai iya sujada sau takwas a yini ba, malaman Ikkilisiya kuwa sun san haka. A 1535 Martin Luta ya rubuta wani ɗan littafi a kan hanya mai sauƙi ta yin addu'a, ya kuwa rubuta shi ne domin wanzaminsa, mai suna Bitrus. Shawarar da ya ba shi ita ce addu'a ta zama aikin farko da safe, ta zama na ƙarshe da dare. Ya gargaɗe shi game da wani tunani mai ruɗi, wanda ke ce wa mutum ya dakata tukuna, ya gama wannan ɗan aiki, bayan awa guda ya yi addu'a; ta haka yini ke ƙarewa ba a yi ba. Ya koya masa ya ɗauki aya guda, ko ɗaya daga cikin Dokoki Goma, ya juya ta ta fuska huɗu: me take koyarwa, me za a gode saboda ita, wane laifi ta tona, me kuma za a roƙa. Har ya yi masa misali da sana'arsa, cewa wanzamin da ke aski hankalinsa na wani wuri zai yanki bakin mutum ko hancinsa, ko ma maƙogwaronsa, haka ma mai addu'a da zuciya rarrabe.

A ɓangaren Katolika kuwa, Ignatiyus na Loyola, wanda ya rasu a 1556, ya bar wata hanya ta binciken kai mai matakai biyar: mutum ya gode wa Allah saboda alherin da ya samu, ya roƙi haske, ya bi yininsa awa awa yana duba tunaninsa da maganarsa da aikinsa, ya nemi gafara, sa'an nan ya ƙudura gyara. Kwata ɗin awa ya isa. Akawu ya fi kowa fahimtar hikimar wannan, domin ya san littafin da ba a rufe lissafinsa kullum, ran da mai binciken kuɗi ya zo sai kuka.

Ƙafa ta biyu: kukun birnin Faris

Lokatan addu'a kamar turakun rumfa suke, amma tsakanin turke da turke akwai fili mai faɗi. Wanda ya fi shahara wajen koyar da yadda za a cike wannan fili ba malamin jami'a ba ne, kuku ne.

Sunansa na yanka Nicolas Herman. An haife shi wajen 1614 a wani ƙauye na lardin Lorraine, wanda ke cikin ƙasar Faransa a yau. Yana da shekara 18, a tsakiyar hunturu, ya tsaya yana kallon wani itace da ya kaɗe ganyensa tas, kamar yadda kuka kan yi da rani. Sai ya tuna nan ba da daɗewa ba ganye zai tofo, fure ya biyo, sa'an nan 'ya'ya. Daga wannan kallo ya sami tabbacin ikon Allah da tanadinsa, tabbacin da ya ce bai taɓa gushewa daga zuciyarsa ba. Ya shiga soja a zamanin Yaƙin Shekara 30, wanda ya daidaita tsakiyar Turai daga 1618 zuwa 1648, aka ji masa rauni, ya kuwa yi ɗingishi har ƙarshen ransa. Daga nan ya yi barantaka a gidan wani babban ma'aikacin kuɗi, inda da bakinsa ya ce shi bara ne mai garaje, kome ya taɓa sai ya fashe. A 1640 ya shiga gidan masu ibada na ɗariƙar Karmel a birnin Faris, a matsayin ɗan'uwa mai hidima, watau wanda ba a naɗa shi firist ba. A nan aka sa masa suna Lawrence.

Aikin da aka ba shi shi ne girki, aikin da bai taɓa so ba, ya kuwa yi shekara 15 a madafa. Shekarunsa goma na farko a gidan ba su yi masa daɗi ba, har ya yi shekara huɗu yana tsoron cewa shi halakakke ne. Hanyoyin ibada masu tsawo da ya tarar a littattafai sai suka ƙara rikita shi. Abin da ya fisshe shi abu ne mai sauƙin faɗa: ya ƙudura zai riƙa ɗaukar Allah tamkar yana tare da shi a ɗakin, ya riƙa yi masa magana a kan abin da ke gabansa. Kafin ya fara aiki sai ya roƙi taimako, yana cikin aiki ya riƙa jefa 'yar magana, in ya gama ya duba yadda ya yi. In ya yi daidai ya gode, in ya yi kuskure ya nemi gafara, ya ci gaba ba tare da ya tsaya yana cizon yatsa ba. Da fari zuciyarsa takan yi ta yawo, yakan komo da ita a hankali, har abin ya zame masa jiki. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

An taɓa aikensa lardin Burgundy sayen ruwan inabi na gidan. Shi bai iya ciniki ba, ga shi gurgu, har a cikin jirgin ruwa ba ya iya zagawa sai ya mirgina bisa gangunan. Ya ce bai damu ba, ya shaida wa Allah cewa saƙonsa ne ya zo yi, daga baya kuma ya tarar an yi cinikin yadda ya kamata. Da ƙafar ta matsa masa, aka mai da shi ɗakin gyaran takalma, halinsa bai sake ba. Ya kan ce a wurinsa lokacin aiki da lokacin addu'a ba su da bambanci, ko ana ta hayaniya a madafa, wannan na kira wancan na kira, yana tare da Allah kamar yana durƙushe a gaban bagade. Ya kuma koyar cewa Allah ba girman aiki yake dubawa ba, ƙaunar da aka yi aikin da ita yake dubawa, ko da ƙwai ne ake juyawa a kasko.

Labarinsa ya bazu, har manyan mutane suka riƙa zuwa ganinsa. Wani firist mai suna Joseph de Beaufort ya fara zantawa da shi ran 3 ga Agusta, 1666, yana rubuta abin da ya ji. Lawrence ya rasu ran 12 ga Fabrairu, 1691, daga 1692 kuma aka fara buga wasiƙunsa da zantattukansa. Ɗan littafin da aka tattara daga cikinsu, a kan sabawa da kasancewar Allah, ya ƙetare iyakar ɗariƙu, Katolika da Furotesta duka suna karanta shi fiye da shekara 300 ke nan.

Abu uku ya kamata a lura da su a wannan labari. Na ɗaya, hanyar ba ta bukatar a rage wa aiki ko minti guda. Na biyu, ba a dare ɗaya ta samu ba, shekara goma ya yi yana fama. Na uku, bai jefar da lokatan sujada na gidan ba, yana halartarsu kamar kowa. Wanda ya ce shi kullum yana tare da Allah a zuci, saboda haka ba ya bukatar lokacin addu'a ko taron masu bi, da ƙafa ɗaya yake tsalle, ba kuwa zai yi nisa ba.

Ma'auni: halin mutum a ofis

Ana iya cewa madafar masu ibada daban, ofishin gwamnati daban, inda ake da matsi daga sama, da roƙo daga dangi, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Littafi Mai Tsarki bai kau da kai daga wannan ba. Nehemiya mai shayarwa ne a fadar sarkin Farisa, a sura ta 2 ta littafinsa kuwa, tsakanin tambayar da sarki ya yi masa da amsar da ya bayar, an ce ya yi addu'a ga Allah na Sama. Addu'ar ba ta fi tsawon numfashi ɗaya ba. Daniyel yana cikin manyan jami'ai uku da ke bisa hakimai 120 a mulkin Dariyus. Sura ta 6 ta nuna abokan aikinsa sun binciki aikinsa suna neman laifi, suka rasa, domin ba ha'inci ba sakaci. Sai suka sa aka kafa dokar hana addu'a ta kwana 30, shi kuwa ya ci gaba da durƙusawa sau uku a rana kamar yadda ya saba. Labarin ya haɗa abu biyu wuri ɗaya, tsabtar aikinsa da tsayayyen lokacinsa, domin ɗaya daga ɗaya yake sha. Haka kuma a sura ta 3 ta Luka, da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su bar aiki ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, na biyu kuma kada su yi ƙwace ko ƙage, su gamsu da albashinsu.

A ƙarni na 20 an ga irin wannan a wurin Dag Hammarskjöld, mutumin Swidin, wanda aka haifa a 1905. Ma'aikacin gwamnati ne tun yana saurayi, ya riƙe babban matsayi a ma'aikatar kuɗi ta ƙasarsa, ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1953. Shi ya tsara rundunar kiyaye zaman lafiya a rikicin Suez na 1956, da kuma ta Kwango a 1960, wadda sojojin Nijeriya suka yi aiki a cikinta. A wannan shekara shugaban Tarayyar Sobiyat, Khrushchev, ya nemi ya yi murabus, shi kuwa ya tsaya a gaban babban zauren Majalisar ya ce zai ci gaba da aiki muddin ƙananan ƙasashe, waɗanda suka fi bukatar Majalisar, suna son haka. Ya rasu a hatsarin jirgin sama kusa da Ndola, a ƙasar da ake kira Zambiya a yau, cikin Satumba 1961, a kan hanyarsa ta neman sulhu.

Mutane kaɗan ne suka san zurfin bangaskiyarsa yana da rai, domin ba ya tallar ta. Bayan rasuwarsa aka sami wani rubutu a gidansa na New York, wanda ya fara tun 1925, aka buga shi a 1963. Abin da ke ciki addu'o'i ne da binciken kai, yana tuhumar ransa game da girman kai da son yabo, yana miƙa aikinsa ga Allah. Cikin kayan da ya yi tafiyarsa ta ƙarshe da su akwai tsohon littafin Thomas à Kempis a kan koyi da Almasihu, a cikin littafin kuma takardar rantsuwar kama aikinsa. Littafin ibada da rantsuwar ofis wuri ɗaya ya ajiye su.

Abubuwan da ke tsinke zumunci

Abu na farko shi ne laifin da mutum ya ƙi saki. Wanda ya ci bashin ɗan'uwansa yakan sake hanya don kada su gamu, haka ma wanda ya karɓi abin da ba nasa ba yakan ji addu'a ta yi masa nauyi. Maganin wannan tuba ne da mai da haƙƙi, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi.

Na biyu shi ne hayaniya. Mutanen da ba su san wayar hannu ba sun yi kukan rarrabuwar zuciya, balle wanda ke farkawa da ita a hannu, ya kwanta da ita a ƙirji. 'Yan mintocin nan na jiran mota, da na layi a banki, da na tafiya daga aji zuwa aji, su ne a da ke zama wurin gajeruwar addu'a, yanzu kuwa waya ta cinye su. Shawarar da Luta ya ba wanzaminsa ta isa a nan: a fara da Allah kafin a fara da labaran duniya.

Na uku shi ne lokacin fari, sa'ad da mutum ke addu'a ba ya jin kome. Da yawa sukan ɗauka Allah ya juya musu baya, su daina. Manomi ba ya sayar da gonarsa don rani ya yi tsawo. Shekara goma na Lawrence, da Zabura masu yawa na kuka, shaida ne cewa wannan hali ba baƙo ba ne ga masu bi.

Na huɗu kuwa shi ne mai da ibada mafakar lalaci. Ma'aikacin da ya bar mutane a layi ya tafi taron addu'a a lokacin aiki, ko ɗalibin da ya kwana a majami'a ya bar littafi a rufe yana jiran mu'ujiza ran jarrabawa, ya koma ga kuskuren Masaliyawa wanda aka ƙi tun 431. Awoyin ofis an riga an biya kuɗinsu, ba nasa ba ne da zai yi sadaka da su.

Kammalawa

Mai bi da ke jin Hausa ba shi da uzurin rashin kayan tafiya. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi ɗawainiya mai yawa a kansa, an kuma yi sababbin fassarori bayan haka. Abin da ya rage shi ne tsari, tsarin kuwa ba shi da wuya: minti goma da asuba da Zabura guda ko 'yan ayoyi, 'yar tsayawa da tsakar rana ko da Addu'ar Ubangiji ce kaɗai, kwata ɗin awa da dare na rufe lissafin yini, sa'an nan a tsakaninsu gajerun addu'o'i kafin a buɗe fayil, kafin a sa hannu a takarda, kafin a amsa wa mai fushi. A ƙara da zuwa taron masu bi, domin garwashin da aka ware daga murhu shi ke fara mutuwa.

Wanda ya riƙe wannan ba a yi masa alkawarin ƙarin girma a wurin aiki ba. Daniyel sai da ya kwana a ramin zakoki, gaskiya kuma takan sa a mai da ma'aikaci wani lungu inda ba kowa. Abin da zai samu shi ne ya zama mutum ɗaya, na Lahadi shi ne na Litinin, talakan da ya zo gaban teburinsa da takarda a hannu kuma ya koma gida an biya masa bukata ba tare da ya kwance bakin zanensa ba.

Allah ya ba da ikon aikatawa.